Da Hannu Ɗaya Nake Karanta Shi

Ranar da aka gaya mini ƙodata ta gaza, ko rabin maganar likitan ban ji ba. Abin da na riƙe kawai shi ne yana kallon kwamfuta, ni kuma ina kallon gefen fuskarsa. Ya ce awon jini ya nuna ma'aunin aikin ƙodar ya faɗi ƙasa da 15, mataki na 5 na ciwon ƙoda ke nan, kuma babu na 6 a gaba. "Malam, sai wankin ƙoda," in ji shi. Ya miƙo mini takardu uku, kafin in gama ninke su har ya sa a kira na bayana. Na fito na tarar da maiɗakina zaune a kan benci. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce mata wasu gwaje-gwaje ya ƙara rubutawa. Ƙaryar farko ke nan da ciwon nan ya sa na yi.

Jiki kuwa ya daɗe yana magana, ni ne na toshe kunne. Takalmin da na sa da safe ba ya shiga da yamma. Ga ƙaiƙayi ko'ina ba ƙurji, ga tashin zuciya da asuba, baki kamar na tsotsi ƙarfe. Shekara da shekaru ina da hawan jini, in na ji garau in ajiye maganin, in kai ya sara in koma masa. Ita ƙoda ba ta kuka da wuri. Kowace ɗaya tana da 'yan matatai kusan miliyan 1, su biyun kan tace ruwan da ya kai lita 180 a kwana guda, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari bai fi lita 1 zuwa 2 ba. Da irin wannan rarar, sai mutum ya rasa fiye da rabin aikinsu yana ta harkokinsa bai sani ba. Duk wannan daga baya na koya, lokacin da sanin bai da sauran amfani sai na ba da labari.

Ba a tsaya jira ba, saboda wani sinadari da ake kira fotasiyam ya yi yawa a jinina, shi kuwa in ya haura yakan tsayar da zuciya ba sallama. Bayan kwana biyu aka kwantar da ni, aka kashe zafin wurin, aka zura roba mai baki biyu a babbar jijiyar wuyana ta dama, aka fito da ita ta saman ƙirji. Aka karanta mini dokokinta: kada ruwa ya taɓa ta, kada kowa ya buɗe ta a gida, zazzaɓi komai ƙanƙantarsa in garzayo, domin ƙwayar cutar da ta bi robar nan kai tsaye cikin jini take sauka.

Wankin kansa ba shi da wani abin kallo. Litinin, Laraba, Juma'a. Kana shiga ka hau sikeli, a rubuta nauyinka, a auna jini, ka kishingiɗa a kujera. Jini ya fita ta baki ɗaya na robar, ya bi ta wata matata wadda ke cike da dubban siraran zaruruwa, dattin da ruwan da ya yi yawa su tsallaka ta jikinsu, jinin ya dawo ta ɗaya bakin. Awa 4. A zaman farko na kasa ɗauke ido daga bututun, ina mamakin wai jinina ne wannan yake zagaya a waje da ni, har da ɗuminsa in robar ta taɓa hannuna. Zama na uku mamakin ya ƙare, aka bar ni da silin da agogon bango.

A kujerar da ke damana akwai wani dattijo, kowa Baba yake ce masa, har ma'aikatan. Ya girme ni a shekaru, ya kuma girme ni a wankin. Ranar nan ya ga ina ta juyi, sai ya ce, "Ɗana, agogon nan in kana kallonsa tsayawa yake yi." Ya laluba jakarsa da hannun da ba a ɗaure ba ya miƙo mini wani littafi da bangonsa ya rabu, an liƙe shi da salatif. "Likita ne ya rubuta. Ka karanta ka dawo mini da abina."

Gaskiya ban so ba. Wanda ke kwance a asibiti, me zai yi da labarin asibiti? Kunyar Baba ce ta sa na buɗe.

Sunan littafin The Story of San Michele, wato labarin San Michele, wani gida da marubucin ya gina a tsibirin Capri na Italiya, a kan kufan wani ginin sarkin Rumawa Tiberiyas. Marubucin, Axel Munthe, mutumin Suwidin ne, an haife shi a 1857, ya gama karatun likita a Paris a 1880, ya yi aiki a can da kuma Roma, har ya zama likitan sarauniyar ƙasarsu. Da Turanci ya rubuta, aka buga a 1929, lokacin ya haura 70 kuma idonsa ya kusa tafiya. Ya rasu a 1949. An juya littafin zuwa harsuna da dama, kuma ga shi ya doshi shekara 100 ana ta sake buga shi, alhali kusan duk maganin da aka ambata a ciki an daina amfani da shi tuni.

Karatun farko gudu na yi. Na bi shi cikin unguwannin matalautan Paris inda yake duba 'yan ci-rani ba ya karɓar ko sisi, na bi shi gidajen masu hali, na bi shi wurin karnukansa da birinsa. Awa 4 ta koma kamar biyu. Amma karatun ya yi mini wata illa da ban lura da ita ba sai daga baya: ya sa na tsani likitana. Duk sanda ya shigo zagaye, ya tsaya a ƙafar kujera ya duba takarda ya wuce, sai in ce a raina, da wancan ne da ya jawo kujera ya zauna. Na ɗauki mutumin da ke cikin littafi na mai da shi ma'auni, kowa na ɗora sai ya gaza. Har na faɗa wa Baba haka. Ya yi dariya ya ce, "Ba ka karanta ba tukuna, kallo ka yi."

Robar wuya ta wucin gadi ce, don haka aka sa mini ranar yin abin da suke kira fistula. Da na fara jin kalmar gabana ya faɗi, saboda na san ta ne a maganar yoyon fitsari. Ashe wannan daban ce. Likitan fiɗa ne ke haɗa jijiyar da ke kai jini da wadda ke dawo da shi, a wuyan hannu, don ƙarfin jinin ya sa ta biyun ta buɗe ta yi kauri har ta iya ɗaukar manyan allurai sau 3 a mako. Wasu likitoci ne a Amurka, Brescia da Cimino da abokan aikinsu, suka bayyana dabarar a 1966, har gobe kuma ita aka fi so saboda ta fi daɗewa kuma ba ta cika kamuwa da cuta ba. Aka duba jijiyoyina da na'urar hoto, aka zaɓi hannun hagu tunda da dama nake aiki. Aikin bai kai awa biyu ba, idona biyu, ina jin suna hirarsu a bayan ƙyalle.

Sai jira. Jijiyar na bukatar mako 6 zuwa sama kafin ta nuna. Aka ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Hannun ya zama ɗan sarki: ba a auna jini a kansa, ba a ɗibar jini, ba agogo, ba kaya mai nauyi, ba kwanciya a kai. Kullum da safe in ɗora yatsu in ji ko tana ziza, wata 'yar kyarma kamar ta kyanwa in ta ji daɗi. In ta yi shiru, an ce, in taho a guje ko da tsakar dare ne.

A makonnin nan barci ya ƙaurace mini. Ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya, tunani kuma ya samu fili. Na sake ɗaukar littafin, wannan karon a gida, cikin dare. A gabatarwarsa mutumin ya nuna cewa rashin barci na cikin abin da ya tura shi ga rubutun. A karatun farko na tsallake wurin, yanzu kuwa sai na ji kamar wani ne ya ƙwanƙwasa mini bango daga ɗakin maƙwabta.

A nan na tsinci babin da ya juyar da ni. A 1884 kwalara ta faɗa wa birnin Napoli na Italiya ta kashe dubban mutane. Masu hali suna ficewa, shi kuma saurayin likita ya kama hanya ya shiga. Tun a lokacin ya riƙa aika wasiƙu gida ana bugawa, har aka tara su littafi, kuma a ciki ya rubuta cewa bai ji tsoron cutar ba, bai ji tsoron mutuwa ba. Bayan shekara 45, ga shi tsoho, sai ya koma kan maganar da bakinsa ya ce ƙarya ya yi, tsoro ne ya cika shi tun ranar farko har ta ƙarshe. Ba wanda ya tuhume shi. Ba wanda ya rage da zai ƙaryata shi. Da ya yi shiru, da jarumi zai mutu a idon kowa.

Na ajiye littafin na daɗe ina kallon maiɗakina tana barci. Tun ranar benci ban gaya mata gaskiyar abin da ke raina ba. Ta san wanki, ita ke raka ni, amma duk sanda ta tambaya sai in ce, "Alhamdulillahi, ba komai." Da safe na ce mata, "Tsoro nake ji. Kullum in za a jona ni sai na ga kamar ba zan tashi ba." Ta ce, "Na sani. Jira nake ka faɗa, ni ma in samu in faɗi nawa." Ban taɓa zaton ina hana ta wani abu da shiruna ba.

A karatun nan na biyu ne kuma na lura da abin da ya wuce ni a farko, wato hannun mutumin nan kusan wayam yake. A shekarar ce ma Robert Koch ya sanar ya gano ƙwayar kwalara, magani kuwa babu. Abin da likita zai iya bai wuce ɗiga wa mai shan wahala ruwan ofiyom ya rage masa raɗaɗi ba, sai ya zauna kusa da shi har rai ya yi halinsa. Abin da ke ceton mai kwalara, ruwa da gishiri da sukari a ma'auni, sai wajen ƙarshen shekarun 1960 aka tabbatar da shi. Na yi dariya ni kaɗai da na tuna cewa abu biyu daga cikin ukun nan, ruwa da gishiri, su ne aka yi mini iyaka da su. Wato zaman da nake yabonsa da shi, wani ɓangarensa zaman rashin abin yi ne. Da ni ne a hannunsa da wannan ƙodar, da ya riƙe hannuna da kyau, ya gaya mini magana mai daɗi, in mutu cikin 'yan makonni.

Wannan ya sa na nemi labarin na'urar da nake tsana. Wani likita ɗan Holan, Willem Kolff, shi ya haɗa ta farko a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya ƙasarsa na hannun Jamusawa. Da gangar katako ya yi ta, da ledar selofen irin wadda ake ɗura nama a ciki. Kusan duk waɗanda ya fara gwadawa a kansu, mutum sama da 10, sun mutu. Bai daina ba. A 1945 wata mata mai shekara 67 ta farfaɗo ta rayu, matar da ake tsare da ita bisa zargin ta yi wa 'yan mamaya aiki. Shi da ya ƙi jininsu bai hana ta na'urarsa ba. Ko bayan nan, a birnin Seattle na Amurka a 1962, kujerun sun yi kaɗan har sai da aka kafa kwamitin mutum 7 suna zaɓen wanda za a wanke da wanda za a bari. Tun daga ranar na daina hararar na'urar. In na ce tausayi yanzu, nakan tuna mai zama a bakin gado, in kuma tuna wanda ya koma ɗakin aikinsa bayan gawa ta goma ya sake ɗaura leda a jikin ganga.

Jijiyar ta nuna a mako na 9. Ranar da za a fara huda ta, wata sista ce ta zo, mace mai ƙarancin magana. Allurai biyu ne, kaurinsu ya kusa na tsinken ashana. Na ce, "Sista, da zafi?" Ina jiran ta ce ɗan kaɗan ne, kamar yadda kowa ke faɗa. Ta ce, "Da zafi, Malam. Ta farko ta fi. Zan ƙirga uku, a na uku zan shiga, ba zan yaudare ka in shiga a na biyu ba." Haka ta yi. Ya yi zafin kuwa. Amma tun daga ranar in ta ce mini abu ba komai ba ne, nakan kwantar da hankalina, domin na ga ranar da komai ne ta faɗa.

Daga nan hannun hagu ya zama na na'ura. Awa 4 ba ya motsi, in ka lanƙwasa allura na iya fasa jijiyar, na'ura ta kama kuka. Karatu ya koma hannu ɗaya. Na koyi dafe littafin da gwiwa, in buɗe shafi da babban yatsa, in riƙe da ƙaramin. Littafi mai kauri da tsohon ɗinki ba ya son haka, shafuka suka fara zamewa. Wata fa'ida da ban nema ba ita ce dole na rage gudu. Mai juya shafi da wahala ba ya tsallake layi.

Sai wata sabuwar masifa ta ɓullo. A awar ƙarshe naman ƙafata yakan ƙulle, ciwon da ke sa babba ya yi ihu, jini ya faɗi, ido ya yi duhu, gumi ya karyo. In na koma gida ba na moruwa sai washegari. Abin da ke faruwa shi ne, kowane mai wanki akwai nauyin da aka yanka masa, nauyin jikinsa in babu ruwan da ya taru. Abin da ka ɗora a kai tsakanin wanki da wanki shi na'ura ke cirewa. In aka yanka nauyin ƙasa da gaskiya, na'ura za ta ci gaba da tatsa bayan ruwan ya ƙare. Ni kuwa tun da aka fara yi mini allurar ƙarin jini, wadda ke maye gurbin sinadarin da lafiyayyar ƙoda ke samarwa, cin abincina ya dawo, na yi 'yar ƙiba. Nama na ƙara, ana lissafa shi ruwa.

Sau biyu ina ƙoƙarin yi wa likitan bayani, sau biyu yana tare ni da, "Ka rage shan ruwa." A daren rashin barci na taɓa karanta wani bincike da aka yi a Amurka a 1984, inda aka naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, aka tarar a tsakaice daƙiƙa 18 kacal ake barin mutum ya yi magana kafin a katse shi. Na ce to, in daƙiƙa 18 gare ni, bari in shirya mata. Muka zauna da maiɗakina muka tace maganar kamar masu aika waya a da. Ranar Laraba da ya tsaya a ƙafar kujerata na ce, "Likita, ruwan da nake ɗorawa bai ƙaru ba, ga takardar mako 3. Ƙafata ba kumburi. Wandona ne ya matse. Ina jin nama na yi."

Bai zauna ba. Bai yi murmushi ba. Ya karɓi takardar ya duba, ya danna ƙaurina da yatsa, ya sa abin sauraro a bayana ya ce in ja numfashi. Ya ce wa sista, "A ƙara masa rabin kilo, mu gani." Ya wuce kujera ta gaba. Ranar Juma'a na gama awa 4 ƙafata lafiya lau, na taka da kaina har bakin titi. Rabin kilo. Har yau ina ganin bai kyauta mini ba a ranar farko, mutum ba ya jin irin wannan labari daga gefen fuska. Amma na ƙirga kujerun ɗakin, na ƙirga sau nawa ake cika su a yini, na ga in ya ba kowa zaman da nake so, wasu ba za a duba su ba sam.

Masu wanki sau 3 a mako suna da tazara ɗaya mai tsawo, daga Juma'a zuwa Litinin, kuma ita ce mafi haɗari, don ruwa da fotasiyam sun fi taruwa. Wata Litinin na shigo na tarar da wani baƙo a kujerar Baba. Ba wanda ya ce komai. A ɗakin wanki haka ake yi, kowa ya san ma'anar sabuwar fuska a tsohuwar kujera. Da sista ta zo ƙirga ukunta na ce, "Ina Baba?" Ta tsaya da allurar a hannu ta ce, "Allah ya yi masa rasuwa daren Lahadi, a gida." Na yi salati. Littafinsa na kan cinyata. Sau uku yana tambayata, ina cewa sai na gama.

Ranar da likitan ya zo zagaye na yi tambayar da na daɗe ina haɗiyewa. "Likita, ni nawa ya rage mini?" Ya ɗago, karo na farko da na ga idonsa sosai, jajaye ne kamar na wanda bai yi barci ba. Ya ce, "Ban sani ba, Malam. Akwai waɗanda suka haura shekara 20 a kan na'urar nan, akwai waɗanda ba su kai ko kusa ba. Zuciyarka da ƙarfinta, shekarunka ba su ja ba. In da mai ba ka ƙoda, ina so mu fara maganar dashe." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Baba shekara 6 ina duba shi." Ya juya ya tafi. Da ban karanta babin Napoli ba, ina jin da taurin zuciya zan kira wannan juyawar.

Yanzu ina karatu na huɗu, kuma ba na ɗaukar marubucin waliyyi. Yana da son a yabe shi, a labaransa sau da yawa shi ne mai gaskiya a ƙarshe. Ya yi aure sau biyu, yana da 'ya'ya maza biyu, amma ka karanta littafin daga bango zuwa bango ba za ka san haka ba, alhali karnukansa kowanne da sunansa da halinsa. Masana sun daɗe suna ja da wasu labaransa, musamman abin da ya faɗa game da babban malamin ciwon jijiyoyi na Paris, Charcot. Akwai kuma wurin da har yanzu ban san yadda zan yi da shi ba. Tsuntsaye masu ƙaura kan yada zango a wani dutse da ke saman gidansa, ana kafa musu raga ana kama su dubbai, har ana tsiyaye idon wasu da allura mai zafi don kukansu ya jawo 'yan'uwansu. Mai dutsen ya ƙi sayar masa. Da mutumin ya kwanta ciwo aka kira shi, sai ya gindaya sharaɗi: zai duba shi in ya rantse zai sayar da dutsen. A karatun farko na tafa masa. Yanzu da nake kwance da allura biyu a hannu, na san yadda sharaɗi ke sauka a kunnen wanda ba shi da zaɓi. Tsuntsayen sun tsira, mutumin ma ya tashi, amma ni dai ba zan so likitana ya yi ciniki da ni a wannan halin ba.

Sai dai shi ya ba da labarin da kansa, bai ɓoye ba. Haka ya ba da labarin yadda a Paris ya laƙaba wa wata mai sarauta sunan ciwon kumburin hanji, don ta matsa sai an ba ta sunan cuta, sunan ya zama abin yayi, matan masu kuɗi suka yi ta tururuwa ƙofarsa, shi kuma ya san yawancinsu zaman banza ne ke damunsu. Ya ci kuɗin, ya kuma rubuta cewa ya ci. A ganina abin da ya hana littafin mutuwa ke nan. Mu da ke kan gado kullum daga ƙasa muke hango likita, farar riga da alƙalami da kalmomin da ba mu sani ba. Muna so mu san me ke cikin kansa in ya juya baya, ko yana tuna mu, ko shi ma gabansa na faɗuwa. Ba mai iya tambayar likitansa wannan. To ga wani ya buɗe ƙofar da kansa, da kyansa da muninsa, kuma abin da ke ciki bai canza ba daga zamanin ruwan ofiyom zuwa na na'urar da ke gefena.

Ƙanina ya ce zai ba ni ƙodarsa ɗaya. Na hana shi sau biyu, ya ce, "Yaya, in ni ne a kujerar, shawara za ka tsaya yi?" An gwada rukunin jininmu ya dace. Saura gwajin da ake haɗa jinina da nasa a ga ko jikina zai yaƙi ƙodarsa, da hoton jijiyoyinsa, da ganawa da wani likita daban wanda aikinsa shi ne ya tabbatar ba a tilasta masa ba. An ce mini dashen farko da ya yi nasara a 1954 aka yi shi a Boston, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. Mu ba tagwaye ba ne, don haka in an yi, magungunan hana jiki ƙin ƙodar za su zama abokan zamana muddin tana aiki.

Na nemi iyalan Baba ta hannun sista don in mayar musu da littafin. Saƙo ya dawo cewa in riƙe. A babin ƙarshe marubucin yana kwatanta mutuwarsa da tsayuwarsa gaban hisabi yadda ya ɗauka a addininsa, kuma daidai farkon babin na tarar da wata 'yar takarda da Baba ya sa alama da ita, irin wadda ake rubuta mana nauyi: 61.5 kafin wanki, 59 bayan wanki. Ban cire ta ba. Gobe Litinin, sakamakon ƙanina zai fito da rana, ni kuma ƙarfe 7 na safe ina kan sikeli. Na riga na sa bargo da ƙwallon roba da littafin a jaka, na ƙara masa salatif a gindi saboda shafi na 200 zuwa sama sun fara fita.